Tagar da Na Goge

A katangar bayan gidanmu na Sharaɗa akwai wata taga da ba magini ne ya yi ta ba. Inna ce ta huda ta da hannunta, da tsohuwar wuƙa da guntun taɓarya, a shekarar da aka sa ni a makaranta. Faɗinta bai wuce bakin ƙwarya ba, tana daidai ƙirjin babban mutum, an rataya mata yankin buhu ta ciki. Bayan katangar kuwa hanya ce da ma'aikatan masaƙa suke bi. Da sassafe, kafin jiniyar ƙarfe shida ta yi kuka, sai a fara ƙwanƙwasa bango da gindin kwano.

"Salamu alaikum, mai ɗanwake! A cika yaji."

Kwano ya shigo, kwano ya fita. Ba wanda ya taɓa ganin fuskar Inna a cikinsu. Hannunta kawai suka sani, da zoben azurfa a ƙaramin yatsa. Ita ma ta san su da kwanukansu: mai lotsattsen baki ba ya son mai da yawa, mai shuɗin murfi ɗan Damagaram ne, yaji sai an ninka masa.

Duk 'yan matan layinmu talla suke yi. Ni kaɗai nake sa farar riga in ɗauki jaka. Inna ba ta taɓa ce min don ni ta huda bangon ba. Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta kamawa, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Amma na sani, kamar yadda mutum ya san inda randa take ko ba a nuna masa ba.

A aji biyar aka kawo mana malamar darasin kula da gida. Ta rataya wani babban hoto a jikin allo: mace tsaye a kicin mai fararen bangaye, tana juya miya a kan risho, ba toka, ba itace, ba akuya. Ta ce macen da take girki a tsugune, hayaƙi yana cin idonta, ba ta waye ba tukuna. Duk ajin aka yi dariya. Yarinyar da muke benci ɗaya, wadda babanta akawu ne a Bompai, ta sunkuyo ta shinshina kafaɗata ta ce, "Kina warin itace." Daga baya wata ta gano inda muke, aka koma kirana 'yar mai rami. Ban kai ƙara ba, ban gaya wa kowa a gida ba. Na dai koma shanya rigar makarantata a soro, nesa da murhu.

A wannan shekarar ne masaƙar da Baba yake aiki ta ce za ta gina wa tsofaffin ma'aikatanta gidaje a filin da yake bayanta. Mu kuwa labarin ya zo mana a kan gaɓa, domin gidan da muke ciki na haya ne, mai shi kuma ya sayar wa wasu masu kamfanin roba, an ba mu zuwa bayan damina. Ma'aikata suka zaɓi Baba ya zama bakinsu a wajen mai zanen gidajen, saboda ya daɗe, kuma ba shi da faɗa.

Mai zanen mutumin Filato ne, Kirista, dogo, ya yi karatu a Zariya ya ƙaro a Turai. Kowa Injiniya yake ce masa, ya gaji da cewa shi mai zanen gini ne ya haƙura. Hausarsa tana da daɗi, sai dai takan karkace a wasu wurare. Da fari bene ya zana, hawa biyu, da manyan tagogin gilashi. Baba ya kai takardar masallaci bayan la'asar, dattawa suka duba, liman ya ce wanda yake sama zai riƙa ganin tsakar gidan na ƙasa, ba za su shiga ba ko kyauta ne. Mun ɗauka Injiniya zai yi fushi. Bai yi ba. Sai ya shiga birni ya yi makonni yana zagaya tsofaffin soraye, yana zama da magina, yana auna kaurin bango da tsayin azara. Ya dawo da sabon zane: gidajen ƙasa na siminti, kowanne da soronsa mai ƙofa a karkace yadda na waje ba zai hango ciki ba, da dakali a ƙofar gida, da bulo mai huji-huji a can saman katanga don iska ta ratsa.

Ina bayan ƙyauren soro ranar da ya kawo shi, na kai musu ruwa na maƙale. Baba ya sa yatsa a kan hujin ya ce, "Yallaɓai, wannan fa? Mutum a kan raƙumi ba zai leƙa ba?"

"Malam, a Sharaɗa ba raƙumi nake tsoro ba, direban tirela nake tsoro. Na auna shi har da hularsa. Ba zai gani ba."

Suka yi dariya. Sannan Injiniya ya nuna tsakiyar takardar, inda babu komai sai fari.

"Nan ne na tsaya. Na shiga soro ya fi ashirin, ban taɓa wuce ƙofa ta biyu ba, ba kuma zan nemi in wuce ba. Me mata suke yi a ciki daga safe zuwa yamma? Ina suke zama? Ina rana take dukansu?"

Baba ya dubi takardar. Gaskiya shi ma bai sani ba. Yana fita kafin gari ya waye, ya dawo ya tarar da tuwo a rufe. Can ya ce, "Akwai yarinya a aji biyar, ta iya zane. Ke! Na san kina nan, fito."

Na fito kaina a ƙasa. Abin da na fara gani takalmansa ne, jajaye masu sheƙi, ya tuɓe su ya jera a bakin tabarma. Ya ba ni takardu masu ƙananan gidaje kamar na dara, da fensir biyu, da rula, da wani farin magogi mai laushi irin wanda ban taɓa riƙewa ba. Ya ce in shiga gidajen ma'aikata shida, har da namu, in zana duk abin da na gani, kowane taku ɗaya gida ɗaya a takarda, in rubuta amfanin kowane abu a gefensa.

"Ɗaliba, idona ke ce. Abin da kika zana shi zan gina."

Na yi aikin, kuma na yi shi da kyau. Asabar da Lahadi biyu ina shiga gidaje ina taka tsakar gida ina ƙirgawa a zuci, mata suna yi min dariya. Na ga ba wadda take girki a ɗaki sai ana ruwa. Na ga murhu kullum yana gindin katangar gabas, inda inuwa take da safe. Na ga turmi yana son ƙasa mai taushi a ƙarƙashinsa, kuma inda aka saba ajiye shi har ya yi gurbi. Na ga a gida huɗu cikin shida akwai wata hanya da sana'a take fita ba tare da mai ita ta fita ba: wata ta kan katanga take miƙa ƙuli-ƙuli, wata ta kafar kwata take tura kwanon alala a kan katako. Duk na zana. A takardar gidanmu na yi ɗan murabba'i a bangon baya, na ja layi, na rubuta: "Tagar Inna. Nan take sayar da ɗanwake don kada in yi talla."

Ranar da zan kai, na zauna a soro bayan azahar don in kwafe su a takarda mai tsabta, domin na farkon sun yi maiƙo. Na shimfiɗa su ina kallo. Sai na gan su da idon malamarmu: toka, turke, kwata, mata a tsugune. Na tuna jajayen takalman nan. Na ce a raina mutumin da ya je Turai zai buɗe wannan a ofis, wasu masu irin takalmansa su taru a kansa, su ce ga gidan 'yar mai rami.

Na riga na kwafe bangon baya har da tagar. Na ɗauki farin magogin na goge ta. Bai bar ko alama ba, abin da ya burge ni ke nan a lokacin. Daga nan sauran bai yi wuya ba. Na ɗauke murhu daga gindin katanga na kai shi cikin wani ɗan ɗaki na rubuta "kicin". Na share turke. Na share gurbin turmi. A ƙasan takarda ta ƙarshe na rubuta da rubutuna mafi kyau cewa matan sun ce sun gaji da hayaƙi, suna son su riƙa girki a tsaye. Ba wadda ta ce haka. Na farkon na ninke su na cusa a ƙasan akwatin ƙarfen da nake ajiye littattafai.

Injiniya ya daɗe yana duba su. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe har sun fara canzawa da kansu. Babu abin da kika bari?"

Na girgiza kai.

"Malam, ka bar yarinyar nan ta yi karatu. Hannunta ya fi na yaran ofishina."

Baba ya yi murmushi irin wanda ban saba gani ba. Na shiga gida na kasa cin abinci.

Bayan damina ta biyu muka tare, don mai gidan hayar ya ɗaga mana ƙafa. Ba zan ɓoye ba, gidajen sun yi kyau. Layi biyu ne, farare, kusurwar kowane soro ta ɗan yi tsini sama kamar zanko, amma na kankare. Da rana iska tana shigowa ta hujin bulo, haske ya zubo a bango kamar zanen hula. Dattawa suka zo suka tsaya a ƙofar soro suka leƙa, ba su ga komai ba, suka sa albarka. Mutane har daga Hotoro suke zuwa kallo.

A ciki ne magana take. Kicin ɗin ɗan ƙarami ne, da dakalin siminti daidai ƙugu, da gurbin risho biyu. Tukunyar ɗanwaken Inna ko ƙofar ba ta shiga sai an karkata ta. Tsakar gida an shafe ta da siminti tas, ranar da aka fara daka turmi ya riƙa tsalle, ƙarar tana kaiwa gida na huɗu. Katangar baya, wadda take kallon hanyar ƙofar masaƙa, doguwa ce, santsi, ba ko tsaga. Kuma an bi gida-gida an karanta wa kowa doka: wanda ya fasa bango ko ya ƙara gini zai bar gidan.

Maƙwabciyarmu, wata 'yar Damagaram mai baki, ta shigo ta tsaya a ƙofar kicin ta riƙe ƙugu.

"Wanda ya zana wannan bai taɓa tuƙa tuwo ba. A tsaye? Ni doki ce?" Ta juyo ta gan ni. "Ba ke kika zo kina taka mana gida kamar mai neman allura ba? Kin gaya masa, ya ƙi ji. Haka maza suke, 'yata, kada ki damu. Su tambaye ki, su yi abin da suka ga dama."

Inna ta ce, "Yarinya ta yi nata."

Ina tsaye a wurin. Kalma ɗaya daga bakina ta isa ta wanke Injiniya. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka kunyar yabo ce.

Cikin wata guda kowace mace ta fito da murhunta gindin katangar gabas, aka kafa rumfunan zana, kicin ya koma ɗakin kaji da buhunan gawayi. Wannan ya yi sauƙi. Bango ne ba shi da dabara. Inna ta ci gaba da tashi da asuba kamar yadda ta saba, ta yi salla, ta zauna a kan kujerar tsugune tana jin takun ma'aikata suna wucewa ta baya. Wata rana wani ya ƙwanƙwasa da gindin kwano, cikin wasa, ya ce, "Mai ɗanwake, ko an yi ritaya ne?" Na ga hannunta ya motsa a kan cinyarta ya koma.

Ta gwada ba 'yar maƙwabta, yarinyar ta haɗa da nata tallan, ɗanwake ya riƙa dawowa a sandare. A ƙarshe Baba ne ya faɗa, ba da faɗa ba. Ya ce, "Ga yarinya a gida. Ta kai ƙofar masaƙa kafin ta wuce makaranta, ai ba nisa." Washegari Inna ta ɗora min tire a ka, ta gyara min gammo, ba ta kalli fuskata ba.

Ma'aikatan dare ba sa fitowa sai bayan na safe sun karɓe su, don haka ba na barin ƙofar masaƙa sai bakwai ta wuce. In mayar da tire, in sa riga, in ruga. Kullum sai an gama taron safe nake isa. Na sha bulala ban ji zafinta sosai ba, ina ganin hakkina ne. Amma ranar da hedimasta ya ce duk wanda ya ci gaba da makara ba za a sa sunansa a jarrabawar shiga sakandare ba, ya kuma dube ni, na gane abin da na goge ba rami ba ne kawai.

A ƙofar masaƙar Injiniya ya gan ni. Ya zo duba ginin wani sito, ya fito daga motarsa, muka haɗa ido. Na ja gyale na rufe fuska. Da la'asar sai ga sallamarsa a soronmu.

Na kai ruwa na tsaya bayan ƙyaure. Inna tana tankaɗe a kusa, don soron sabon gidan ba shi da nisa da tsakar gida.

"Malam, na zagaya layin nan. Hayaƙi yana tashi daga ko'ina ban da bututun da na yi masa. Mai gadi ya ce min kaji ne a kicin. Yau kuma na ga ɗalibata da tire. Ina na yi kuskure?"

"Haba Yallaɓai, gida ya yi kyau. Mata ne, sai a hankali."

"A'a, Malam. Gidan da mai shi take zagaye shi kamar baƙuwa bai yi kyau ba. Na ji ma ana cewa an gaya min na ƙi ji."

Ban san lokacin da na isa ga akwatin ba. Na ciro takardun nan masu maiƙo, na dawo, na durƙusa a bakin tabarma na ajiye su a gabansa. Ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ya ga murhu, ya ga turke, ya ga gurbin turmi. Da ya zo kan ta gidanmu sai ya kawo ta kusa da ido, ya karanta a fili, a hankali, da Hausarsa mai karkacewa:

"Tagar Inna. Nan take sayar da ɗanwake don kada in yi talla."

Ƙarar rariya ta tsaya a bayan ƙyaure.

Abin da ni da Inna ba mu taɓa faɗa wa juna ba, ga shi baƙo ya faɗe shi a gaban Baba. Kuma duk wanda ya ji ya san na san amfanin tagar kafin in goge ta.

"Me ya sa, ɗaliba?"

"Na ji kunya."

"Kunyar me?"

Na dubi ƙyauren. Inna tana ji, ba zan iya faɗa ba.

Baba ya fara cewa, "Ke yanzu ashe..." Injiniya ya ɗaga hannu.

"Bar ta, Malam. Ni ma da nawa. Abin da ya kamata in tambayi matan layi guda na ɗora wa yarinya ɗaya. Ina da mata a gida, da na turo ta ta shiga. Kuma da na ga takardar ta yi daidai da abin da aka koya min, daɗi na ji, ban sake tambaya ba."

Ya sa takalmansa, suka zagaya bayan gida shi da Baba. Muna ciki muna jin yana ƙwanƙwasa bangon da makullin mota, nan, can, har ya tsaya a wuri ɗaya. Baba ya gaya mana daga baya cewa ya zana murabba'i da alli ya ce nan babu rodi, kuma zai rubuta wa kamfani cewa gyara ne daga wajensa, shi ya manta da ita a zane.

Bayan kwana tara magina biyu suka zo, Inna ta shige ɗaki, suka fasa wurin suka sa ƙaramin firam da murfin ƙarfe mai sakata ta ciki. Kafin azumi an yi wa gida bakwai irinta. Kicin kam ba a iya yi masa komai ba, siminti kuma sai da mata suka farfasa gefensa a ɓoye suka samar wa turmi wuri. Katangar gabas ta kowane gida ta yi baƙi har sama. Shekaru bayan haka, in na bi ta layin a mota, wannan baƙin nake fara hangowa, in kau da kai.

Maƙwabciyarmu ta ji labari, kamar yadda kowa ya ji. Ta daina ce min 'yata. Ba ta zage ni ba, sai dai duk ranar da ta gan ni sai ta ce, "Malama, yau a tsaye za mu tuƙa ko a zaune?"

Inna ba ta ce komai ba har ranar da siminti ya bushe. Da asubar ta tashe ni. Tukunya tana tafasa a gindin katanga. Ta buɗe murfin ƙarfen, ta duba hanya ta gefe, sannan ta shiga ɗaki ta fito da wani abu a ninke. Yankin buhun nan ne na tsohon gida, da baƙin hayaƙinsa da ramin ƙusoshinsa. Ashe ta taho da shi.

"Ke, riƙe min nan."

Na riƙe gefe ɗaya, ta buga ƙusa da dutse. Hannunmu ya haɗu a kan buhun, ba wadda ta kalli wata. A waje an fara ƙwanƙwasawa da gindin kwano.

Ta ɗauki tiren da na saba ɗauka ta kife shi a kan randa. Ta ce, "Rigarki tana soro, inda kike shanya ta. Je ki sa, kada ki makara."